Kayan Zaƙi Baƙi da Fari Daga Gonarmu

Kaka ta yi, an fara shigo da amfanin gona gida, lokacin bukukuwa kuma ya matso. Daga watan Nuwamba zuwa Janairu da wuya mako ya wuce a ƙauyukanmu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ba a yi ɗaurin aure, ko godiyar girbi, ko taron Zumuntar Mata, ko liyafar matasa ta Kirsimeti ba. A 'yan shekarun nan kuwa wani yayi ya shigo mana daga birni. Masu biki sukan zaɓi launi, su ce da shi za a yi anko, da shi za a ƙawata rumfa, har abin da za a ci ma ya dace da shi. Launin da ya fi tashe a wurin samari da 'yan mata shi ne baƙi da fari.

Abin ya daɗe a ƙasar Turawa. A watan Nuwamba na 1966 wani marubuci Ba'amurke mai suna Truman Capote ya yi wata babbar liyafa a otal ɗin Plaza a birnin New York, ya gayyaci mutane fiye da 500, ya ce kada kowa ya sa wani launi sai baƙi ko fari. Har yau ana ba da labarinta. Mu kuwa ta wayar hannu yayin ya iso mana, yara suna ganin hotuna a Facebook suna sha'awa.

Waɗansu dattawa ba su son abin. Suna cewa ina ruwan ranar farin ciki da baƙin kaya? Ni dai ban ga laifinsa ba. Kakanninmu sun sa saƙi mai zanen jikin zabo a ranar ado, ba wanda ya ce makoki suke yi, kuma tun dā an san baƙar tukunya ce mai fid da farin tuwo. Abin da ya dame ni dabam ne, watau kuɗin da ke fita daga ƙauye saboda kayan zaƙin da ake ɗorawa a kan tebur.

Ga yadda abin yakan kasance. Amarya ta ce sai kek mai hawa biyu, fari da baƙi, da biskit mai cakulan, da minti na leda. Sai a aika Dutse ko Kano. Kafin kek ya iso ya sha rana da gargadar hanya, an biya mai yi, an biya mota. Uban biki kuwa ba shi da kuɗi a hannu, sai ya ɗauki buhun riɗi ya kai kasuwa a tsakiyar kaka, lokacin da kowa yake kai nasa, farashi yana ƙasa. Wani ma bashi yake ci a kan amfanin da bai gama sussukawa ba. Ku duba kuma abin da ke cikin kek ɗin nan. Yawancin alkamar da ake niƙa fulawa da ita a Nijeriya daga ƙasashen waje ake kawo ta. Gwamnati ta taɓa hana shigo da ita a 1987, ta janye dokar a 1992, kuma ko da yake an ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a ƙasar Haɗeja a watan Nuwamba na 2023, har yanzu tamu ba ta ishe mu ba. Farin sukari ma yawancinsa ɗanye ake sayowa daga Brazil, a tace shi a Ikko. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace uwar gida ta san yadda kuɗin waɗannan kaya ya hau.

To, 'yan'uwa manoma, idan baƙi da fari ake so, muna da su a gona da bayan gari. Bari mu fara da wanda muka fi kowa.

Riɗi

Jihar Jigawa tana cikin manyan wuraren noman riɗi a ƙasar nan. Daga kasuwanni irin su Sara da Maigatari ake loda shi a manyan motoci zuwa tashar jirgin ruwa, daga can kuma sai Japan da Sin da Turkiyya. A can suna matse mai, suna yin alawa iri iri da shi. Kusan rabin nauyin ƙwayar riɗi mai ne, tana kuma da abin gina jiki da abin ƙarfafa ƙashi. Abin mamaki shi ne, mu da muke noma shi mukan sayar da shi kaf, yaranmu kuwa su sayi minti wanda babu kome a cikinsa sai sukari da launi.

Kowa ya san kantu. Amma kantun da ake tallarsa a bakin hanya ja-ja ne, domin an bar sukari ya ƙone. Idan fari tas ake so, sai an yi haƙuri da wuta. A sami farin riɗi, a rairaye shi sosai a fid da tsakuwa, gama babu abin kunya a biki kamar baƙo ya tauna yashi. A jiƙa shi, a surfa a turmi a hankali, a wanke dusar ta fita, domin ita ce mai ɗaci, ita ce kuma ke dushe haskensa. A shanya a kan tabarma mai tsabta. Idan ya bushe sai a soya shi a busasshen kasko da wuta kaɗan, ana juyawa ba tsayawa. Da zarar ya fara tsalle yana ƙamshi sai a sauke, kada a jira ya sāke launi.

Awon shi ne gwangwani 2 na riɗi, gwangwani 1 na sukari. A zuba sukari a tukunya da ruwa kaɗan, wanda zai jiƙa shi kawai, a matse rabin lemon tsami a ciki. Lemon tsamin nan shi ke hana sukari komawa gari bayan ya huce. A bar shi ya tafasa ba tare da yawan juyawa ba. Gwajin nuna ba wuya: a ɗiga kaɗan a cikin ruwan sanyi, in ya daskare ya karye tsakanin yatsu, ya yi. Sai a sauke nan da nan tun yana garau, a juye riɗin a ciki, a gauraya da sauri, a zuba a faranti da aka shafa wa man gyaɗa. A murza da kwalba har ya baje daidai, a yanka da wuƙa tun da ɗuminsa. Wanda ya bari ya huce, sai dai ya farfasa. Bisa ga lissafina, mudu ɗaya na riɗi yakan ba da yanka 60 zuwa 70 masu girman kwalin ashana, gwargwadon mudun garinku.

Baƙin riɗi ba shi da yawa kamar fari, domin masu saye don kai wa waje fari suka fi nema, har sukan rage kuɗin buhun da ya gauraya. Duk da haka ana samunsa nan da can a wurin tsofaffi da masu kayan ƙoli. A ƙasar Sin da Japan yana da daraja ƙwarai, suna yin kunu mai zaƙi da cincin da shi. Abu biyu za a kiyaye. Na fari, ba a surfa shi, domin baƙin a jikin ɓawon yake, wanki kawai za a yi masa. Na biyu, ido ba ya gane lokacin da ya soyu, saboda haka a jefa 'yan ƙwayoyin farin riɗi a cikin kaskon su zama shaida. In sun fara yin ja, a sauke. Kada kuma a rikita shi da habbatus sauda. Sun yi kama a ido, amma ita magani ce mai ɗaci da yaji, za ta ɓata tukunya duka.

Baƙin kantu ba ya bukatar farin sukari ko kaɗan. Mazarƙwaila ta fi dacewa da shi, irin wadda ake yi da rake a ƙasar Maƙarfi da Zariya, ana kuwa samunta a kasuwanninmu. A narka ta da ɗan ruwa, a tace saboda ƙasa da ɓawon rake, sa'an nan a dafa ta har ta kai gwajin ruwan sanyin nan. Mai son burgewa ta baje baƙin a ƙasa, ta ɗora farin a kai tun dukansu suna da zafi, ta murza su tare. In an yanka sai a ga hawa biyu. Wannan yana bukatar mata biyu da murhu biyu, mutum ɗaya ba ya iya shi.

Akwai gargaɗi a nan wanda bai kamata in wuce shi ba. Riɗin da za a ci a gida, kada a yarda a zuba masa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari na ruwa a rumbu. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda irin wannan magani da aka samu a jikinsa. Abin da Bature ya ƙi saya, bai kamata mu ba 'ya'yanmu ba. Riɗin da ya bushe sarai, aka sa shi a jarka mai murfi ko buhun PICS mai leda biyu a ciki, zai kai wata da watanni lafiya.

Ɗinya da maɗinta

Yaran yanzu da yawa sun san ɗinya a matsayin abin tsotsa a hanyar makaranta, amma ba su taɓa ganin maɗi ba. Kafin farin sukari ya cika kasuwa, maɗi da zuma su ne zaƙin ƙasar Hausa. Babu wani abu da muke da shi wanda ya kai maɗin ɗinya baƙi, yana kuma ƙyalli kamar an shafa masa mai. A ganina ya fi cakulan na kanti daɗi a kan abu mai ɗan tsami.

Ɗinya takan nuna daga ƙarshen damina zuwa kaka. A tsince nunannu, waɗanda suka yi baƙi suka yi laushi, a cire hular da ke gindinsu, a wanke. A zuba a babbar roba da ruwa mai tsabta, a bar su su jiƙa, sa'an nan a murtsuke da hannu har naman ya rabu da ƙwallon. A tace da kwando, a sāke tacewa da ƙyalle mai tsabta. Ruwan nan shi za a ɗora a wuta. Aiki ne na yini guda, yana kuma cin itace, shi ya sa ya fi kyau gidaje uku ko huɗu su haɗu su yi tukunya ɗaya. Da fari a ba shi wuta sosai, ana kwashe kumfa. In ya fara kauri sai a rage wuta, a riƙa juyawa da muciya, gama a wannan lokaci ne yakan kama gindin tukunya ya yi ƙauri. In an ɗaga muciya ya zubo kamar zuma, maɗi ya yi. Wadda ta ci gaba da dafawa har ya daskare, alawa ta samu, sai ta mulmula ƙanana da hannu mai ɗan mai, ta birkiɗa su a cikin soyayyen farin riɗi. Ga baƙi da fari a loma ɗaya.

Tsofaffin mata sun fi ni sanin wannan aiki nesa ba kusa ba. Shawarata ga Zumuntar Mata ta kowace ikkilisiya ita ce a nemi tsohuwar da ta iya, a sa rana, 'yan mata su zauna kusa da ita su gani da idonsu. Takarda ba ta iya nuna wa mutum kaurin maɗi.

Sai dai fa itacen ɗinya yana ƙarewa. Katakonta yana da sauƙin sassaƙa, masu yin kujeru da ganguna suna sonsa, masu gawayi kuma ba su bar kome ba. Wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Babaldu zuwa Gwaram ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi, ya san daga inda suka fito. Manomin da ya sayar da ɗinyar gonarsa ya karɓi kuɗi sau ɗaya ne, ita kuwa kowace shekara tana ba da 'ya'ya, ga ɗinkin da ake kwaɗo da shi, ga furen da ƙudan zuma ke bi. Ƙwallonta yana da taurin tsiro, saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a bar 'yan ƙananan da suka fito da kansu a gefen gona da bakin fadama. A kewaye su da ƙaya saboda awaki, a faɗa wa yara masu noma kada su sare.

Fararen da za a zuba wa maɗi

Maɗi shi kaɗai ya cika zaƙi, yana bukatar abokin tafiya. Mafi kyau a wurina kindirmo ne mai sanyi. A zuba shi a ƙaramin kofi, a ɗiga cokali ɗaya na maɗi a tsakiya, a ja shi da tsinke ya yi zane. Baƙon da ya zo daga birni zai tambayi inda aka sayo. Amma a tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da ciwon bakkale da tarin fuka daga saniya zuwa mutum. A yi magana da matan Fulani maƙwabtanmu tun da sauran kwanaki, gama da rani nono yakan yi wuya. Idan kuma babu wurin sanyaya shi, a kawo shi da safen bikin, a ajiye ƙwaryar a cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa.

Inda nono bai samu ba, ga 'ya'yan kuka. Farin garin da ke cikin ƙwanson yana da sinadarin bitamin C da yawa, har Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a ƙasashenta tun 2008, suna zuba shi a kwalabe masu tsada. A jiƙa shi da ruwan da aka tafasa ya huce, a tace 'ya'yan da zaren, a bar shi da kauri. Tsaminsa da zaƙin maɗi sun dace ƙwarai.

Sinasir da waina na farar shinkafa su ma fararen ne, kowace mace kuwa ta iya su. A yi su ƙanana, a rage wuta kada gefensu ya yi ja, a bar albasa a waje, a ba kowa da ɗan maɗi maimakon miya. Alawar madara tana da kyau a ido, yara kuma suna sonta, sai dai madarar gari ta kanti ake yi da ita, kuɗinta kuwa ba kaɗan ba. In za a yi, a yi faranti ɗaya don ado.

Abin sha ba shi da wahala. Kunun aya fari ne. Zoɓon da aka dafa da kauri, in an zuba shi a kofi, kusan baƙi ne, shi ma amfanin gonarmu ne, wanda ake kwasa daga Jigawa ana kai wa har ƙasar Meziko. Kunun aya ba ya jure zafi, in an yi shi da safe a shanye kafin la'asar.

Maganar launi na kanti

Masu yin kek sukan sa baƙin launi na kwalba don su sami baƙi ƙirin. Yakan rina harshe da haƙora, in ya yi yawa kuma yana da ɗaci. Wadda ta ga lalle sai ta yi amfani da shi, ta duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalbar. Garin launi da ake ƙullawa a leda ba suna, kada a kusance shi, domin ba a san ko na rinin tufafi ba ne. Akwai kuma wani garin gawayi na musamman da ake gani a intanet ana sa wa kek. A asibiti ana ba da irinsa ga wanda ya sha guba, domin yana kama abin da ke cikin ciki. Haka nan zai kama maganin hawan jini ko na farfaɗiya da baƙonka ya sha da safe, ya rage masa ƙarfi. Gawayin murhu kuwa ba abinci ba ne sam.

Tun da muna maganar lafiya, a tuna da masu ciwon sukari. Maɗi da mazarƙwaila da zuma duk sukari ne a wurinsu, ko da yake daga daji suka fito. A ajiye musu kindirmo ba zaƙi da soyayyen riɗi zalla. Jariri da bai kai shekara 1 ba kuma, ba a ba shi zuma.

Jeri a kan tebur ba ya bukatar saye. A shimfiɗa farin zane, a sami baƙaƙen akusa na katako a wurin tsofaffi, a sa fararen kaya a cikinsu. Baƙaƙen kuma a sa su a farar ƙwarya ko farin kwanon sha. Kantun da aka yanka murabba'i, a jera shi ɗaya fari ɗaya baƙi kamar allon diraf. A rufe kome da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda da ƙurar hunturu har lokacin ci ya yi.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Duk wannan ba zai yiwu ba in an tashi nema ana gobe biki. A taron ƙungiya na wannan wata, a kawo shawara kowane ɗan ƙungiya ya ware mudu 2 ko 3 na riɗi kafin ya kai saura kasuwa. Ma'aji ya rubuta sunan kowa da abin da ya kawo, a ajiye a ɗaki mai kulle. Wanda biki ya same shi sai ya ɗiba daga nan, ya mayar da kaka mai zuwa. Wanda ya sami baƙin riɗi ya ware iri, ya shuka kunya kaɗan baɗi a wani gefe nesa da farin, kada su gauraya wajen girbi su karya masa farashi.

Mata kuwa, in hannunsu ya faɗa da aikin, babu dalilin tsayawa a bikin gida. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil ta ratsa Birnin Kudu, matafiya suna tsayawa kullum, ga ɗalibai, ga masu zuwa asibiti. Kantu mai tsabta a cikin leda mai kyau zai sami masu saye, Kirista da Musulmi, gama bukukuwan maƙwabtanmu ma suna bukatar kayan gara. A lissafta kuɗin riɗi da sukari da itace da leda kafin a sa farashi, a lissafta har da wahalar mai yi, domin nan ne mata da yawa suke faɗuwa ba su sani ba.

Kantu yana son hunturu. In an sa shi a gwangwani mai murfi zai yi mako biyu ko fiye yana ƙaras-ƙaras, saboda haka ana iya yinsa tun da sauran kwana 4 ko 5. Da damina kuwa yakan sha iska ya yi danƙo, sai a yi shi ana gobe. Maɗin da ya dahu sosai a zuba shi da zafinsa a kwalbar da aka tafasa ta bushe, a toshe bakin, a ajiye a wuri mai sanyi cikin ɗaka. A riƙa ɗiba da busasshen cokali kawai. In an ga furfura a samansa ko ya fara warin tsami, a zubar. Masu biki a watan Disamba su tattara ɗinyarsu yanzu, tun ba ta ƙare a kan itace ba.